Cinyar Barewa a Gidan Torleif

Ihun da na ji daga cikin gidan ne ya sa na bar ƙofar mota a buɗe na kwasa da gudu, ko injin ban kashe ba. Santsin ƙanƙarar matakala ya ɗebe ni, gwiwata ta bugu, na miƙe na faɗa ciki.

Abin da na tarar a kicin ya sa na tsaya cak. Baba ne tsaye da hularsa da takalmansa na fata, ya shimfiɗe cinyar barewa guda a kan farin ƙyallen teburi, naman ya fara narkewa, jini na bin ƙyallen. Hannunsa na cikin kabad yana lalube. Can jikin firji wata matashiya ce da rigar wanka, ta ɗaga kaskon suya sama da hannu biyu. Mijinta ya laɓe a bayanta yana ta danna waya.

"Risten, ina Gunvor ta mayar da butar kofi?" Baba ya tambaye ni, ko a jikinsa. "Wannan mai kururuwar kuma wace ce? Matar Vidar ce? Ki ce mata ta yi a hankali, kunnena ƙalau yake, ido ne babu."

Na dafe kai. Tun da asuba muka baro Kautokeino, ina tuƙi cikin duhu da dusar ƙanƙara, domin gobe da safe za a yi wa Baba aikin ido a babban asibitin Tromsø. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ne ya rage, likita kuma ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa idan aka sake ɗagawa shi ma zai bi ɗan'uwansa. Muna shigowa gari Baba ya ce in tsaya a gidan Torleif ya ajiye nama. Na ɗauka ajiyewa kawai zai yi mu wuce. Kafin in gyara tsayuwar mota har ya saɓa cinyar a kafaɗa ya shige.

Ba zan ce ya yi laifi ba. Gidan Torleif verdden gidanmu ne, wato aminanmu na musaya, tun zamanin kakanni: mu kai musu nama da fata daga garken barewar ƙasar ƙanƙara da muke kiwo, su ba mu kifi da wurin kwana duk ran da muka sauko bakin teku. Ba a ƙwanƙwasa ƙofar verdde, ba a yi masa waya a ce ga ni nan tafe. Ka tura ƙofa, ka ajiye abin da ka kawo, ka ɗora kofi. Torleif ya rasu shekarun baya, amma a wurin Baba wannan bai canja komai ba.

Na juya harshe zuwa Turanci na shiga ba matar haƙuri. Da ƙyar ta sauke kaskon. Ashe hayar gidan suka yi, sun taso daga wata ƙasa mai zafi don su ga koren hasken nan da ke rawa a sama lokacin sanyi. Mijin ya ce ya riga ya kira mai gidan, kuma saura kaɗan ya kira 'yan sanda.

Ba a jima ba sai ga Vidar, ɗan Torleif, ya shigo yana haki, rigar sanyinsa a buɗe. Ya kalli teburin, ya kalli Baba.

"Kawu Jovsset?"

Baba ya matsa kusa, ya shafa kafaɗarsa, ya gangara ya daki cikinsa. "Kai ne ka zama haka? Ubanka har ya koma ga Allah bai ajiye tumbi ba. Ina uwarka Gunvor?"

"Tana nan, ba ta jin daɗi sosai, ba a son a dame ta." Vidar ya sosa ƙeya. "Kawu, ka yi haƙuri, gidan nan ba kamar da ba ne. Na haya ne yanzu. Kowane ɗaki akwai baƙo a ciki."

"To ai ni ma baƙo ne."

"Su tun bazara suka kama ɗakunan."

"Ni kakana ne ya kama mini."

Na ga abin zai yi tsawo, sai na shiga tsakani. Na ce wa Vidar kada ya damu, muna da ɗaki a masaukin majinyata da ke jikin asibiti, ni da kaina na kama shi tun da aka sa ranar aiki. Na kama hannun Baba na ce mu tafi.

Bai motsa ba. Ya yi gyaran murya.

"Wannan ɗakin na mayar musu."

"Ka yi me?"

"Sun kira makon jiya, kina wurin garke. Yarinyar mai ladabi ce. Na ce mata ina da gida a Tromsø, su ba wanda ba shi da kowa."

Na saki hannunsa. Watan Janairu a Tromsø, lokacin da duk duniya ta kwaso akwatuna ta zo kallon sama, mahaifina ya mayar da ɗaki mai ɗumi, wanda ke taku kaɗan da ƙofar likita.

"Baba, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Na sani. Mai verdde ya kwana a masaukin haya, me mutane za su ce? Su ce Jovsset ya raina gidan Torleif?"

Muka fito. Ina ƙoƙarin sa shi a mota sai ga Vidar ya biyo mu a baya, rungume da cinyar, ya naɗe ta da ƙyallen da ta ɓata.

"Kawu, ga namanka. Baƙin ba sa so, ni kuma firjina ya cika."

Na rufe ido. Yaron birni bai san abin da ya aikata ba. Ko faɗa aka yi da verdde, ko zagi aka yi, ba a mayar masa da nama. Wanda ya mayar, ya tsinke igiyar ke nan.

Baba bai miƙa hannu ba. Ya daɗe yana fuskantar inda muryar Vidar take, sannan ya shiga mota ya ja ƙofa. Vidar ya yi ta tsayuwa da kaya a hannu, daga ƙarshe ya ajiye a kan matakala ya koma ciki lallashin baƙinsa.

"Mayar da ni gida," in ji Baba.

"Ba inda za mu je. Gobe za a yi maka aiki."

"Idon da zan buɗe in ga wannan, gara a bar shi a rufe."

Na yi tsaki na zaro waya. Masaukin majinyata na fara kira. Matar ta tausaya mini ƙwarai, amma ɗakin an ba wata mai tsohon ciki da aka kawo daga tsibiri, babu kuma wani. Na shiga bin otal-otal ɗaya bayan ɗaya, daga na bakin tashar jiragen ruwa har na bayan filin jirgin sama. Wani ma dariya ya yi kafin ya tuna ya ba ni haƙuri. Wata ta ce akwai ɗaki a wani ƙauyen masunta, amma sai an hau jirgin fito, kuma an ce iska za ta tashi kafin safiya. Idan jirgin bai taso ba, aiki ya wuce mu. Wani masaukin ɗalibai ya ce saura gado ɗaya, na sama, a ɗakin da samari suka cika. Na hango Baba yana lalubar tsani da ido ɗaya mai hazo, na kashe wayar.

Na ƙarshe wani saurayi ne mai fara'a a murya. Ya ce suna da wuri na musamman a bayan gari: tanti irin na makiyaya, a kwana a kan fatar barewa, a ga yadda mutanen tudu ke rayuwa.

Ashe Baba na ji. "Me ya ce? Tanti?"

"Wai irin namu."

"Ki tambaye shi ko suna neman tsoho na gaske su ajiye a ciki, in ya so a raba riba."

"Baba, ba lokacin wasa ba ne!"

"Wa ya ce miki wasa nake? Na ce ki mayar da ni gida."

"Ba zan mayar da kai ba. Ko a motar nan za mu kwana, gobe sai ka shiga ɗakin aikin nan."

Na faɗa ne kawai, na san ba zai yiwu ba. Sanyin ya fara cin yatsuna duk da na'urar ɗumama motar na aiki, kuma an gargaɗe mu cewa idan ya zo da mura ko tari ba za su taɓa shi ba. Ƙarfe uku na yamma bai yi ba, amma duhu ya rufe gari ruf, fitilun gada ne kawai ke ƙyalli a kan ruwa. Na kifa kai a sitiyari ina tunanin wa na sani a garin nan. Wata ƙawata ta makaranta ta koma kudu. Wani ɗan'uwan mijina yana cikin teku.

Ƙarar ƙofa ce ta sa na ɗago. Baba ya fita. Ya buɗe bayan mota ya ciro jakar fatarsa, wadda ba ya rabuwa da ita, ya nufi tsakar gidan Torleif yana jan ƙafa.

"Baba! Ina za ka?"

Bai kula ni ba. Ya lalubi rumfar itace, wadda take nan inda take tun ina yarinya, ya kwaso faskare, ya tattake ƙanƙara da ƙafa har ta yi fili, ya ɓare ɓawon itacen da wuƙarsa. Ashana ɗaya ya ƙyasta wuta ta kama. Ya cika baƙar butarsa da dusar ƙanƙara ya rataya, ya shimfiɗa fata ya zauna ya miƙe ƙafa.

"An hana ni ɗaki," ya ce, "ba a hana ni tsakar gida ba. A nan ubana ya kafa tanti shekarar da aka haifi Torleif. In ba za ki kai ni gida ba, a nan zan kwana."

"Za ka kamu da mura su fasa aikin!"

"Su fasa."

Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ambaci sunan marigayiya Inna, na ce ya tuna jikokinsa. Kamar da dutse nake magana. Kafin a ce haka tagogin gidan sun cika da fuskoki. Ƙofa ta buɗe, baƙi suka fara fitowa da manyan riguna, kowa da waya a sama. Matar kaskon suya ce a gaba, yanzu bakinta har kunne. Wani dogo ya matso ya tambaye ni ko wannan yana cikin kuɗin haya, kuma ƙarfe nawa tsohon zai fara waƙa.

Na juya masa baya.

Vidar ya fito a guje. "Kawu! Wuta a tsakar gida? Gidan katako ne fa! Maƙwabta za su kira 'yan kwana-kwana! Risten, don Allah ki yi masa magana."

"Kai ka yi masa. Kai ka mayar masa da nama."

"To me ya yi zafi a nama?"

Ban kai ga ba shi amsa ba sai muka ji ƙarar wata 'yar ƙofa a ƙasan gidan, ta gefen da nake zaton ɗakin ajiya ne. Wata tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ta yafa bargo a kan rigar gida. Ta rame, ta ranƙwafa, amma muryar na nan yadda na san ta.

"Wane mara kunya ne ke ƙona mini itace?"

Baba ya ɗaga kai. "Gunvor?"

"Na ji ƙanshin hayaƙi da kofi, na ce ko mafarki nake. Ashe kai ne, tsohon banza. Ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki fara."

"Za ka daɗe kana jira." Ta taka har gaban wutar, baƙin suka dare mata. "Tun da aka binne Torleif ban ƙara ganin ƙeyarka ba. Ko ƙashi ba ka aiko mini ba. Zumunci a ƙafa yake, Jovsset. Sai yau da ka matsu ka tuna hanya?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin wani ya rufe masa baki haka ba. "Ido ne ya hana ni tuƙi," ya ce a hankali.

"'Yarka ba ta da mota? Ke Risten, zo nan in gan ki. Kin tsufa."

"Sannu, Goggo."

Sandarta ta ci karo da ƙunshin da ke kan matakala. Ta zungure shi, ƙyallen ya buɗe. Ta kalli cinyar, ta kalli ɗanta.

"Me wannan ke yi a waje?"

"Inna, baƙin ne ba sa..."

"Kai ka fito da shi?"

Ta matso gabansa.

"Ka mayar wa verdde nama?" Ta ɗaga sandar, ƙaton mutum mai furfura a gemu ya ja da baya kamar ɗan yaye. "Shekarar da jirgin ubanka ya nutse, naman wa ka ci har bazara ta fito? Takalman da ka fara zuwa makaranta da su, wa ya ɗinka? Uwar yarinyar nan! Ɗauki, ka kai mini ciki. Da hannu biyu!"

"Inna, ɗakinki ɗaya ne da falo."

"Na san girman ɗakina, ai kai ka saka ni a ciki. Jovsset zai kwana a doguwar kujera, Risten ta shimfiɗa katifa a ƙasa. Me ya kawo ku ma?"

Na gaya mata batun aikin. Ta juya kan Baba kamar za ta cinye shi.

"Gobe za a yanka maka ido kake zaune a kan ƙanƙara? Tashi! Kai kuma Vidar, da safe kai za ka kai su asibiti, ka san hanyar da ba ta cunkoso. Kuma ka nemo kifin da za su tafi da shi."

"Kifi? Inna, ni rabona da kamun kifi..."

"Ba na kanti ba, mai kwali. Kifi na ce."

Baba ya miƙe da ƙyar, ya sauke butarsa, ya tura dusar ƙanƙara da ƙafa ya kashe wutar. Baƙin suka yi ta tafi, su a zatonsu wasan ne ya ƙare.

Falon Goggo Gunvor bai fi a shimfiɗa fata huɗu ba, amma ɗumi kamar cikin riga. Ta sa ni na yanka naman na ɗora a tukunya, ita da Baba suka zauna suna lissafa waɗanda suka mutu, suna musu a kan wanda ya riga wani. Na sa Baba ya ci da wuri, na ɗiga masa maganin ido, na ja masa kunne cewa daga yanzu ba kofi sai an fito da shi daga ɗakin aiki. Ya yi ta gunaguni amma ya yarda. Na gyara masa kujera, na lulluɓe shi da bargo biyu. A karon farko tun safe na ji kafaɗuna sun sauka.

Ina wanke kwanuka na jiyo shi yana waya da ƙaninsa na Kautokeino, murya a sama kamar yana kiran garke.

"Wane otal? Ni? A gidan Torleif na sauka mana! Ƙofa a buɗe take kamar da. Gunvor na nan da bakinta. Ka gaya wa mutane, kada wanda ya ce verdde ya mutu a Tromsø."

"Baba, kashe wayar nan ka kwanta."

"Ina gaya masa gaskiya ne."

Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Na shanya kwanuka, na shimfiɗa katifata, na cire takalma. Goggo ta kunna rediyo tana sauraron labarin iska. Baba har ya fara gyangyaɗi.

Sai hasken fitilar mota ya haske tagar. Babbar mota ce, irin mai ɗaukar iyali da kaya. Na ji an kashe inji, na ji ƙofofi na buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kare ya yi haushi, jariri ya tsala kuka. Takun ƙafa mai nauyi ya sauko matakalar ƙasa.

Ba a ƙwanƙwasa ba. Ƙofa ta buɗe, sanyi ya shigo tare da wani ƙaton mutum da ban taɓa gani ba, hularsa na shafar saman ƙofa, da rabin barewa a kafaɗarsa. Ya dire shi a kan teburin Goggo har kofuna suka yi tsalle.

"Sannunku da gida," ya ce yana kakkaɓe gemu. "Ni ne Heaika, jikan Ovlla na Máze. Kakana ma verdden gidan nan ne. Tun rana muke zaga garin nan, ko rumfar kare ba mu samu ba, sai yanzu aka kira ni aka ce ƙofar Torleif a buɗe take." Ya juya ya ƙwala kira waje. "Ku shigo da Kaka tukuna, a hankali, ƙafarta! Sauran ku kwaso kaya!"

Goggo Gunvor ta rage muryar rediyo. Na juya wurin Baba. Ya riga ya sauko da ƙafafunsa ƙasa, yana naɗe bargo.

"Baba, me kake yi?"

"Ba ki ji an ce da tsohuwa ba? Ai ita ce da kujera, ni tsakar gida ta ishe ni." Ya miƙa hannu yana lalubar jakar fatarsa. "Ina kika ajiye mini ashana?"